Kasuwar da ke ci a cikin hanji

Duk wanda ya taɓa neman wurin kasa kaya a kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis ya san wuri ba ya samuwa da daɗi. Kowace rumfa da mai ita. Masu hatsi suna layinsu, masu barkono da busasshen tumatur suna nasu, dukawa da kayan fata suna gefe, kuma da yawansu gadon wurin suka yi. Baƙo ya iso da buhunsa a ka, ya zaga, ya sake zagawa, duk inda ya yi niyyar saukewa sai a ce masa, "Malam, da mai wurin." Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa sanda. Cikar kasuwar kaɗai ta ishe shi kora, kafin la'asar ya nufi tasha da kayansa.

Hanjin ɗan Adam haka yake ci dare da rana. A giram ɗaya na bayan gida akwai ƙwayoyin bakteriya wajen biliyan 100, kuma mafi yawansu 'yan gida ne, masu rumfa, tun muna goye suka kama wuri. Suna taya mu narkar da abin da ya gagari ciki, suna haɗa mana wasu sinadaran gina jiki, amma babban aikinsu shi ne zaman da suke yi. Ƙwayar cutar da ta biyo ruwan sha ko fura ta shigo, sai ta tarar abinci da masu cinsa, bangon hanji da masu jingine da shi. Yawanci wucewa take yi, mutum bai ma san ta zo ba.

An gwada wannan tun 1954 a Jami'ar Shikago ta Amurka. Marjorie Bohnhoff da abokan aikinta sun ga cewa lafiyayyen ɓera sai an ɗura masa ƙwayar Salmonella wajen 100,000 kafin ta kama shi. Da suka fara ba ɓeran maganin streptomycin, sannan suka kawo cutar, ƙwayoyi ƙasa da 10 sun isa. Cutar ba ta ƙara ƙarfi ba. Rumfuna ta tarar babu kowa.

Wani Bafaranshe masanin ƙwayoyin cuta, Farfesa Antoine Andremont, a kan wannan kasuwa ya yi yawancin rayuwar aikinsa, kuma aikin ya biyo da shi har ƙasar Hausa. Ya fara ne a cibiyar masu ciwon daji ta Gustave-Roussy, kusa da birnin Faris, inda masu sankarar jini ke mutuwa da zazzaɓin da ƙwayoyi suka shiga jini suka haddasa. Tambayar ita ce, daga ina ƙwayoyin ke zuwa, alhali an killace majinyacin a ɗaki mai tsafta? A 1985 shi da Cyrille Tancrède suka wallafa abin da suka gani: a mafi yawan marasa lafiyar, ƙwayar da aka samu a jini ita ce wadda ta riga ta yi yawa a hanjinsu. Daga cikin gida ta fito. Bayan haka ya shugabanci ɗakin binciken bakteriya na asibitin Bichat a Faris tsawon shekaru, yana kuma koyarwa a jami'a, ya horar da matasa irin su Paul-Louis Woerther da Étienne Ruppé, waɗanda yau su ma ake jin sunansu a fagen. Yawancin masana suna bin ƙwaya ne bayan ta kwantar da mutum. Shi da almajiransa sai suka koma bin bayan gidan masu lafiya, aikin da ba kowa ke sha'awarsa ba, don a can ne ake ganin abin tun bai zama ciwo ba.

Abin da suka yi ta nanatawa mai sauƙin faɗa ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda likitoci ke kira antibiyotik, bai san adireshi ba. An sha shi don kunne ko don ƙirji, amma sai ya ratsa ta hanji. Ko allura ce, hanji ba ya tsira: ceftriaxone, wadda ake yi wa masu sanƙarau, wani kaso mai yawa nata ta hanta yake bi ya zubo cikin hanji. A can kuwa tashin kasuwa yake yi. Masu rumfa na asali, da yake ba su da abin kare kai, su ne ke fara faɗuwa. 'Yan tsirarun da magani ba ya ci, waɗanda jiya suna raɓe a bakin hanya da ɗan faifansu, yau sai su wayi gari layi guda nasu ne. Bakteriyar E. coli, in ta samu abinci da sarari, tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. Kafin masu wuri su farfaɗo, an riga an baje haja.

Kuma hajar ba a ajiye ta ake yi ba, hannu take canzawa. Wannan shi ne abin da ya ba masana mamaki a Japan a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da suka ga ƙwayar atuni ta bijire wa magunguna huɗu a tashi ɗaya, suka kuma gano cewa tana iya karɓar wannan hali daga E. coli da ke zaune lafiya a hanji, ita ma tana iya miƙa mata. Dabarar ƙin jin magani a rubuce take a wani ɗan ƙaramin zoben gado da ake kira filasmid, kuma ƙwaya tana miƙa wa maƙwabciyarta kwafinsa ko da ba danginta ba ce. Wanda ya fi yaɗuwa a zamaninmu sunansa CTX-M-15. An fara bayyana shi a 2001, daga ƙwayoyin da aka samo a wani asibiti a Delhi ta Indiya. Ƙwayar da ta mallake shi tana fitar da sinadarin da ke tsinka amoxicillin da ceftriaxone da danginsu tun ba su taɓa ta ba. Ma'aikatan labo a Nijar suna kiran irin waɗannan ƙwayoyi BLSE, takwarorinsu na Najeriya kuma ESBL.

Tsakanin 2007 da 2008 mutanen Andremont suka haɗa hannu da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre, a wurin jinyar yara masu tamowa a Maraɗi. Suka ɗauki bayan gidan yara 55 ranar da aka kwantar da su. Yara 17, wato kashi 31 cikin 100, da ƙwayoyin BLSE suka zo daga gida. Wannan kaɗai ya isa abin tsoro. Amma abin da ya sa binciken ya yi suna bayan fitowarsa a 2011 shi ne na ranar sallama. Cikin yara 16 da suka shigo babu ƙwayar kuma aka sake auna su, 15 da ita suka fita. Da aka bi diddigin gadon ƙwayoyin sai aka ga abu biyu suna tafiya tare: ƙwaya guda tana tsallakawa daga yaro zuwa yaro, sannan CTX-M-15 yana yawo tsakanin ƙwayoyi mabambanta. Wanda ya taɓa kwana a irin wannan ɗaki ba zai yi mamaki ba. Yaro yana zawo, uwa ta share shi da gefen zane, ta juya ta taimaka wa maƙwabciyarta riƙe kofin madara, ga buta ɗaya tana zagaya gadaje. Yaran kuma dole a ba su magani mai ƙarfi, in ba haka ba a rasa su. An tashi kasuwar kowane yaro a rana ɗaya, ga kuma baƙi cike da tasha.

Yara 55 ba su da yawa, kuma Maraɗi ce ba Damagaram ba. Sai dai ɗakin jinyar iri ɗaya ne, namu ma ya fi cika. A Magarya, inda MSF ke aiki tun 2005, damina kan haɗa zazzaɓin cizon sauro da tamowa a lokaci guda. A 2018 ƙungiyar ta ba da labarin cewa yara sama da 700 ne kwance a sashen yara na asibitin a lokaci ɗaya, kuma ana rasa kimanin 10 a kowace rana. Likitan da ke tsaye a wannan ɗaki ba ya da lokacin tunanin hanji, kuma ba mai ganin laifinsa. Haka lokacin sanƙarau: daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Ceftriaxone ce ta tsamo da yawa cikin sauran. Kowace allura tana kan daidai, kuma kowace allura ta bi ta hanji.

Damagaram ta san yadda kaya ke tafiya. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya kewaye Birni da garu ya kuma rasu a 1884, ayarin Tarabulus yakan biyo ta Gat da Agadas ya sauke a unguwar Zango kafin ya wuce Kano. Gashin jimina da fata da bayi su yi arewa, yadi da takarda da bindiga su yi kudu, kuma ba a yin wata da yawa kayan da aka kwance a Zango sai a gan su a kasuwannin ƙauye. Ayarin yau jirgi ne da mota, kayan kuma a ciki ake ɗauke da su. A wani bincike da Ruppé da Andremont da wasu suka fitar a 2015, an auna Faransawa 574 kafin su tafi ƙasashe masu zafi da bayan sun dawo. Rabinsu sun dawo da ƙwayoyi masu bijire wa magunguna da yawa: kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka je Asiya, 48 na waɗanda suka zo Afirka kudu da Sahara. Waɗanda suka yi zawo a hanya ko suka sha antibiyotik sun fi ɗaukowa. Ga kuma ɓangaren da ya fi daɗin ji: bayan wata uku da komawa gida, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne suka rage da su. In an bar masu rumfa suka dawo, baƙo yakan rasa wuri ya tafi.

Ko nisa ba ya hanawa. A Trois-Sauts, wani ƙauyen mutanen Wayampi can cikin dajin Giyana ta Faransa, inda sai an yi kwanaki a kwalekwale ake isa, mutanen Andremont sun yi ta komawa suna aunawa. A 2001 kashi 3.2 cikin 100 ne ke ɗauke da BLSE, a 2006 sun kai 8.

To mu a nan, yaushe muke barin masu rumfa su dawo? Ga mai tallar magani nan da tire a ka, ko daro a bayan keke, an jera kwalaye an ɗaure da roba, rana ta dafa su tun hantsi. Mace ta tare shi a ƙofar gida.

"Malam, yaron nan cikinsa ke gudu tun jiya. Ba ni na zawo."

"Inna, ga kafso biyu. A buɗe a zuba masa a koko, ɗaya yanzu ɗaya da dare."

Ta kwance bakin zane ta biya, shi ke nan. Zawon yara da yawa ƙwayar birus ce ke kawo shi, irin su rota, wadda antibiyotik ba ya yi mata komai. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ne maganinsa. Jibi yaro ya warke don kansa, kafso ya sha yabo. Wata mai zuwa mura, a sake. Bayan shi ƙurji, a sake. Ragowar kuma a jiƙa wa kaji. Ban ga laifin matar ba, don likita na da nisa, akwai kuɗin mota da layi, ga aikin gida. Amma kafso biyu ba su isa kashe cutar da ke buƙatarsu ba, sun dai isa su tashi kasuwa. Yaron da ake tashin tasa duk wata, ranar da ƙwayar hanjinsa ta tsallaka mafitsara ko jini, a kai shi babban asibitin Damagaram, a yi masa ceftriaxone kwana uku jiki bai sauka ba. Abin da ya rage shi ne irin su meropenem, masu tsadar da sai an sayar da akuya, in ma an same su. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba, da mutum 27 cikin kowane 100,000.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ita ce a guji antibiyotik. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a ƙasar Nijar aka fi ko'ina auna shi. An daɗe ana ba duk yaro mai tamowa mai tsanani amoxicillin, ko da ba ya nuna wata cuta, kuma wani bincike a Malawi a 2013 ya nuna hakan na rage mutuwa. Sai Sheila Isanaka da abokan aikinta suka gwada a Madarunfa da yara wajen 2,400, sakamakon ya fito a 2016. Waɗanda suka sha maganin kashi 66 cikin 100 suka murmure, waɗanda ba su sha ba kashi 63, bambancin da bai taka kara ya karya ba, ko da yake masu shan ba a cika kai su kwanciya asibiti ba. Ɗakin binciken Bichat ya bi bayan gidan wasu daga cikin yaran nan. Cikin mako guda sama da rabin masu shan amoxicillin sun ɗauki BLSE, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen ɗaya cikin uku, kuma yaran da suka sha sun fi shafa wa 'yan'uwansu na gida. A jihar Doso kuma, a Boboye da Loga, an raba wa yara azithromycin sau biyu a shekara, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. Bayan shekara huɗu, alamun bijire wa irin wannan magani a hanjin yaran sun ninka na ƙauyukan da ba a raba wa maganin ba wajen sau bakwai. Duka biyun gaskiya ne. A ganina, uwar da aka ce ta zaɓa tsakanin ɗanta na yau da maganin jikokinta ba za ta yi dogon tunani ba, kuma ba a isa a ce ta yi kuskure ba. Tashin kasuwar da ya ceci rai ya biya kuɗinsa. Wanda bai biya ba shi ne na mura da na zawon kwana biyu, kuma shi ne ya fi yawa.

Andremont ya ma nemi hanyar da za a yi maganin ba tare da an taɓa masu rumfa ba. Kamfanin Da Volterra, wanda yana cikin waɗanda suka kafa shi, ya ƙera wasu ƙwayoyin gawayi masu rufi da ba sa buɗewa sai sun kai ƙarshen hanji, su tsotse ragowar maganin a can. A gwajin da aka wallafa a 2018 sun rage moxifloxacin da ke bayan gida da kashi 99 cikin 100, wanda ke jini kuwa bai ragu ba. Dabara ce mai kyau, sai dai ba abin da za a tambaya a farmasin Sabon Gari ba ne. Abin da ke hannunmu ya fi wannan araha a baki, ya fi shi wuya a aikace: ruwa da sabulu a bakin kowane gadon asibiti, da masai a kowane gida. A garin da 'yan ga-ruwa ke kwana layin famfo a watan bazara, cewa "a wanke hannu" ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba uwaye za a faɗa wa ita ba, masu riƙe da kasafin kuɗi za a faɗa wa.

Akwai inda kwatancen nan ya gaza. Kasuwar Dole in ta tashi kowa ya gani, har a rediyo a faɗa. Ta hanji kuwa mai ita yana yawo lafiya lau, yana cin tuwo, ba wanda zai sani sai an shuka bayan gidansa ko fitsarinsa a faranti, an jera 'yan takardun magani a kai, an kwana an ga wanda ya hana ƙwayar tsiro da wanda ta tsiro har gindinsa. Aikin kwana biyu ne zuwa uku, yana son wuta mai tsayuwa da ma'aikaci mai horo. Wannan ita ce maganar da Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan ta daɗe tana yi, har ta rubuta littafi a 2011 kan yadda asibitocin Afirka ke ba da magani ba tare da awo ba. Ita ce kuma, da abokan aikinta a Ile-Ife, suka nuna cewa a hanjin lafiyayyun ɗalibai, E. coli masu bijire wa tsofaffin magunguna huɗu sun tashi daga kashi 9 zuwa 35 cikin 100 a 1986, suka kai 56 zuwa 100 a 1998. Ta iya faɗar haka ne don an yi shekara 12 ana aunawa a wuri ɗaya ana rubutawa.

Ƙwayoyin yaran Maraɗi sai da suka je Faris kafin a karanta gadonsu. Damagaram tana da babban asibiti na ƙasa, tana da Jami'ar André Salifou da ɗaliban likitanci a cikinta, tana kuma da dubban yara da ke kwanciya a Magarya da Matamai da Mirya duk damina. Hukumar asibiti da ta jami'a su zauna su ware ɗaki da kuɗin faranti, su ɗora matasa biyu ko uku a kan wannan aiki, su riƙa fitar wa likitocin jiha takarda duk shekara cewa ga maganin da har yanzu yake ci a nan, ga wanda ya daina. Kai kuma mai karatu, in ma'aikacin lafiya ya duba ɗanka ya ce wannan zawon ba na kafso ba ne, kada ka fita ka nemi mai tire.